Jagorar Kama Ɗakuna a Jirgin Ruwan Shaƙatawa Idan Akwai Matasa a Cikin Tafiyar

Ɗan shekara 19 a tudu ya riga ya mallaki hankalinsa: yana da fasfo na kansa, yana hawa jirgin sama shi kaɗai, wani ma yana da aure. Amma da zarar an zo batun jirgin ruwan yawon shaƙatawa, musamman wanda zai tashi daga Amurka, sai ka tarar kamfanoni da dama ba su yarda ya kama ɗaki da sunansa ba, sai da wani babba ya tsaya masa. Wannan ne ke rikita iyalai. An biya kuɗi, an yi biza, an iso bakin tasha, sannan a ji cewa wanda ya jagoranci tafiyar bai cika shekarun da ake buƙata ba. Kuma yawancin kamfanoni sun rubuta a cikin sharuɗɗan tikitinsu cewa wanda aka hana hawa saboda wannan dalili ba za a mayar masa da kuɗinsa ba.

Don haka tsarin ɗakuna ba daga kallon hotunan baranda yake farawa ba. Daga shekaru yake farawa, sannan tashar da jirgin zai tashi, sannan kamfani, sai a ƙarshe a zo kan ɗaki.

Mataki na farko: lissafa shekarun kowa a ranar hawa jirgi

Ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane matafiyi kamar yadda yake a fasfo, da ranar haihuwarsa, da shekarun da zai kasance yana da su a ranar da za a shiga jirgi. Ranar nan ita ce ma'auni. Ba ranar da aka biya kuɗi ba, ba kuma ranar da za a dawo ba. Wanda zai cika 21 a kwana na uku na tafiyar, a wajen rabon ɗaki ɗan 20 ne, kuma babu roƙon da zai sauya hakan. Idan ranar haihuwar ta yi kusa sosai, wani lokaci ɗaga tafiyar da mako ɗaya shi ne mafita mafi arha.

A gefen kowane suna ka ƙara rubuta dangantakarsa da manyan da ke cikin tafiyar: ɗa ne, jika ne, ƙane ne, ɗan yaya ne, ko abokin ɗanka ne. Wannan zai yi amfani nan gaba, domin wasu sassauci na iyaye ne kawai ko waɗanda doka ta ba su riƙon yaro, ba su haɗa da kawu ko goggo ko babban wa ba.

Shekaru uku ne za ka riƙa cin karo da su: 18, 21 da 25.

Mataki na biyu: duba tashar tashi, sannan dokar kamfanin

Kamfani ɗaya na iya samun doka biyu, gwargwadon inda jirgin ya tashi. Royal Caribbean misali ne a fili. Idan jirginsu zai tashi daga Arewacin Amurka, sai mutum ya kai 21 kafin ya yi tafiya ba tare da babba ba. Idan kuwa daga Turai ne, ko Asiya, ko Kudancin Amurka, ko Ostireliya da New Zealand, shekara 18 ta wadatar. MSC ma haka take bambanta tafiye-tafiyen da ke tashi daga tashoshin Amurka da na sauran wurare. Tushen abin bai rasa nasaba da dokar da Amurka ta kafa a 1984, wadda ta sa jihohinta suka tsaida shekarun sayen barasa a 21, ga kuma gudun rigingimun ɗaliban jami'a da ke cika jiragen gajeren zango a lokacin hutunsu na bazara.

Carnival ta fi kowa tsanani a nan. Ɗan 21 zai iya tafiya shi kaɗai, amma ba zai iya tsaya wa wanda bai kai 21 ba. Mai tsayawar dole ya kai 25. A tsarin da kamfanin ya sabunta a 2025, yaro ɗan 14 zuwa ƙasa sai a ɗaki ɗaya da babban, ko a ɗakin da ke da ƙofar ratsawa zuwa nasa. Ɗan 15 zuwa 17 ana iya nisanta shi, amma kada tazarar ta wuce ɗaki uku. Ɗan 18 zuwa 20 kuwa ana iya sa shi ko'ina a cikin jirgin, muddin an haɗa rajistarsa da ta babban da ya tsaya masa.

Norwegian tana so wanda bai kai 21 ba ya kasance tare da ɗan 21 ko sama, a ɗaki ɗaya, ko mai ƙofar ratsawa, ko wanda ke jikin nasa. Disney ta ɗauki ɗan 18 a matsayin babba wajen kama ɗaki, sai dai yaro ƙasa da 18 da ba ya tare da iyayensa ko masu riƙonsa sai an samu ɗan 21 ko sama a ɗakinsa. Virgin Voyages da Viking kuma ba sa ɗaukar wanda bai kai 18 ba sam, don haka idan akwai ɗan 17 a cikin jerin, ka cire su daga lissafi tun yanzu.

Bari mu gwada da misali. A ce wani ɗan 23 yana so ya tafi da ƙannensa biyu, ɗan 19 da 'yar 20, ba tare da iyayensu ba. A Carnival tafiyar ba za ta yiwu ba, sai an samo wanda ya kai 25. A Royal Caribbean daga Miami za ta yiwu idan su ukun suna ɗaki ɗaya, amma idan ƙanwar tana son ɗakinta daban, sai a yi tambaya tukuna, domin sassaucin barin matashi a ɗakin da ke kusa da na babba an tanade shi ne ga 'ya'yan da ke tare da iyayensu ko masu riƙonsu. A Norwegian za a iya kama ɗaki biyu jikin juna. Shi wannan Royal Caribbean ɗin, da daga Barcelona zai tashi, kowannensu na iya kama ɗakinsa ba tare da kowa ya tsaya masa ba. Mutane uku ne dai, shekarunsu ba su sauya ba, amsa huɗu.

Akwai togiya guda biyu da ake yawan samu. Ma'auratan da ba su kai 21 ba ana barinsu su kama ɗakinsu idan sun gabatar da takardar shaidar aure ta hukuma, haka ma sojojin Amurka da ke bakin aiki. Idan ƙanwarka da mijinta ne za su bi ku, a aika da takardar auren tun lokacin rajista, a kuma riƙo ta asali zuwa tasha. Tunda an taɓo ma'aurata: kusan duk manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare.

Dokokin nan sukan sauya, kuma wanda ya amsa maka waya a ofishin kamfani na iya faɗa maka tsohuwar doka. Abin dogaro shi ne sharuɗɗan tikitin da ke aiki a ranar da ka yi rajista. Idan tsarinka ya fita daga na yau da kullum, ka nemi amsa a rubuce ta imel, da lambar rajistarka a jiki, ka buga ta a takarda. Ma'aikacin tasha ba zai yi aiki da "wani ya ce mini" ba.

Mataki na uku: takardun wanda ba ɗanka ba

Matashin da ya kai 18 ba ya buƙatar izinin iyaye don ƙetare iyaka. Wanda bai kai ba, kuma yana tare da kawu, inna, kaka ko babban wa, sai da wasiƙar amincewa daga iyayensa, wadda lauya mai hatimin shaida ya buga wa hatimi. Wasiƙar ta ƙunshi cikakken sunan yaron, sunan wanda zai kula da shi, sunan jirgin, ranakun tafiya, da izinin yanke hukunci kan magani idan rashin lafiya ta taso. Wannan layi na ƙarshe shi ake yawan mantawa, kuma shi likitan jirgi zai fara nema. Kamfanoni da dama suna da nasu fom, sai a yi amfani da shi maimakon rubuta sabo. Idan sunan mahaifi a fasfon yaro ya bambanta da na wanda ke tare da shi, ko da uwarsa ce, a riƙo takardar haihuwa.

Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Biza kuma a duba ta ƙasa bayan ƙasa, ga kowane matafiyi daban, domin a cikin dangi ɗaya ana iya samun masu fasfo iri biyu. Jirgin da ya bar Amurka ya zaga tsibiran Karebiyan ya dawo, sake shiga ƙasar ne, don haka biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba. Jiragen Alaska da ke tsayawa a Kanada suna buƙatar bizar Kanada ga wanda ƙasarsa ke buƙatarta, ko da ya rantse ba zai sauka ba.

Mataki na huɗu: zaɓen ɗakunan kansu

A nan ake yin kuskure mafi yawa, saboda "kusa da juna" iri uku ne, kuma ba su zama ɗaya ba. Akwai ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakaninsu, wadda ake ratsawa ba sai an fita waje ba. Akwai waɗanda bango ɗaya ya raba su amma babu ƙofa. Akwai kuma masu kallon juna, lungun wucewa ne a tsakani. Idan dokar kamfanin ta ce mai ƙofar ratsawa, to na jikin juna bai cika sharaɗi ba. Masu ƙofar nan kaɗan ne a kowane jirgi, kuma su ake fara kamewa a lokutan hutun makarantu, don haka mai buƙatarsu ya yi rajista watanni da yawa kafin lokaci.

Buɗe taswirar benayen jirgin, kada ka dogara da lambobi. A jirage da yawa lambobin mara suna ɓangare ɗaya na jirgin, na cika suna ɗaya ɓangaren. Ɗaki mai lamba 8210 da 8211 na iya kasancewa ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai an zagaya ta wajen matakala kafin a isa, alhali 8210 da 8212 su ne maƙwabta. A taswirar akwai alama ta musamman da ke nuna masu ƙofar ratsawa, da wata da ke nuna yawan gadajen da ɗaki ke ɗauka. Karanta bayanin alamomin da ke ƙasan shafin kafin ka zaɓa.

Tsarin da muke ganin ya fi dacewa ga iyali mai matasa 18 zuwa 20 shi ne iyaye a ɗaki mai baranda, matasa a ɗakin ciki marar taga da ke kallonsa. Ɗakin ciki ya fi arha nesa ba kusa ba, matasan ba zama suke yi a ɗaki ba sai barci, duhunsa kuma ya dace da mai kwana har hantsi. Ƙofar ratsawa ga wannan rukuni ba dole ba ce, sau da yawa ma takura ce, domin sauti ya fi ratsa ta fiye da bango. Ga yara ƙanana ne take da daraja. Idan kuma duka ɗakunan masu baranda ne jikin juna, a wasu jirage mai kula da ɗaki na iya buɗe shingen da ke tsakanin barandun biyu, amma ba kowane jirgi ba, kuma kyaftin na iya hana hakan idan teku ta yi ƙarfi.

Duba abin da ke sama da ƙasan ɗakin. Ƙarƙashin wurin iyo ana jan kujeru tun asuba. Saman gidan rawa kiɗa har tsakar dare. Ɗakin da ke tsakanin benaye biyu na ɗakunan kwana shi ne mai shiru. Wanda teku ke juya wa ciki a sa shi a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa, inda lilo ya fi sauƙi; can gaba da can sama nan ne aka fi jin sa.

Akwai tarko biyu da ke wargaza tsarin da aka riga aka yi. Na farko shi ne ɗakin garanti, wanda ake sayarwa da rahusa bisa sharaɗin kamfani ne zai zaɓa maka lamba daga baya. An ba ka tabbacin irin ɗakin, ba a ba ka tabbacin wurinsa ba. Ɗaki biyu na garanti na iya faɗawa ɗaya a bene na 3 ta gaba, ɗaya a bene na 9 ta baya. Duk wanda doka ta tilasta masa kusanci, ko shi da kansa yake son sa, kada ya saye shi. Na biyu shi ne ƙarin matsayi na kyauta. Kamfani na iya ɗauke ɗaya daga cikin ɗakunanku ya mayar da shi wani da yake ganin ya fi kyau, ba tare da ya tambaye ka ba, kuma kafin ka farga an sayar da tsohon. Ka ce a rubuta a rajistar duka ɗakunan cewa ba a son sauyi. Haka nan kada ka shiga gwanjon neman ɗaki mafi girma idan kusanci na da muhimmanci, domin idan tayinka ya ci, ba kai ke zaɓar wurin ba.

Ɗaki ɗaya ko biyu?

Kuɗin jirgin ruwa ana lissafa shi ne a kan mutum biyu a ɗaki. Na uku da na huɗu sukan biya ƙasa da na farko da na biyu, shi ya sa cusa mutum huɗu a ɗaki ɗaya ke da jan hankali. Amma ɗakin ciki na yau da kullum bai wuce kimanin murabba'in mita 14 zuwa 17 ba, da banɗaki ɗaya ƙarami. Gado na uku da na huɗu ko dai kujera ce da ake shimfiɗawa, ko gado mai saukowa daga silin ko bango da ake hawa da tsani. Ga yara biyu ƙanana babu laifi. Ga manya huɗu kuwa, kowa da akwatinsa da lokacin wankansa, kwana bakwai zai yi tsawo. Ka sa a lissafa maka duka biyun: ɗaki ɗaya mai baranda na mutum huɗu, da ɗakunan ciki biyu. Sau da yawa bambancin bai kai yadda ake zato ba, ga banɗaki na biyu a kai.

Idan matasan maza da mata ne, ko yawan ya zama mara, sai a yi hattara da barin mutum ɗaya a ɗaki shi kaɗai, domin yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Mutum biyar sun fi sauƙi a raba su uku da biyu. Wasu jirage, kamar na Norwegian, suna da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, amma matashin da bai kai shekarun kama ɗaki ba dokar kusanci na nan a kansa.

Kada a bar ƙara mutum na uku sai daga baya. Ko da ɗakin yana da gadon, kamfani na iya ƙi, saboda kowane sashe na jirgi yana da iyakar mutanen da kwale-kwalen cetonsa za su ɗauka. Idan sashen ya cika, gadon zai tafi babu kowa a kai.

Mataki na biyar: dabarar raba manya a takarda

Iyalai da yawa suna warware dokar shekaru ta hanyar rubuta uba da ɗa ɗaya a ɗaki na farko, uwa da ɗaya ɗan a na biyu, idan an shiga jirgi kuma kowa ya koma inda aka yi niyya. Abu ne da aka saba, kuma a teburin kula da baƙi akan ba da ƙarin kati mai buɗe ƙofa kawai. Sai dai akwai abubuwa da ke bin sunan da ke takarda, ba gadon da aka kwana ba.

Mafi muhimmanci shi ne wurin taruwa na gaggawa. Kowane ɗaki yana da nasa, kuma an buga shi a katin mutum. Tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, wanda ya ci rayuka 32, aka tsaurara dokar kiyaye rayuka a teku ta yadda dole a yi wa fasinjoji atisayen ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Idan ƙararrawa ta kaɗa, kowa zai je wurin da katinsa ya nuna ne, a can za a ƙirga shi. Ɗakuna maƙwabta galibi wurinsu ɗaya, amma ba kullum ba, domin iyakar sashe na iya ratsawa daidai tsakaninsu. Ka tambaya kafin biya. Idan wurin ya bambanta, kowa ya san nasa, a kuma yi wa matasa bayani ƙarara cewa ba a zuwa neman juna a lokacin.

Na biyu, katin mutum shi ne makullinsa, shi ne shaidarsa wajen fita da shiga jirgi, shi ne kuma jakar kuɗinsa. Ba a musayarsa. Wanda ya koma wani ɗaki zai riƙa yawo da kati biyu, nasa na asali da na buɗe ƙofa.

Na uku, kunshin abin sha. A Carnival da Royal Caribbean, idan mutum ɗaya ya sayi kunshin barasa na dukan tafiya, ana tilasta wa sauran waɗanda suka kai shekarun sha a ɗakin su saya. Wanda ba ya sha, idan aka rubuta shi ɗaki ɗaya da mai sha, zai iya tsintar kansa cikin lissafin da bai nema ba. Gatan manyan ɗakuna ma, kamar shiga wani falo na musamman ko hawa jirgi da wuri, na waɗanda aka rubuta a ɗakin ne kawai.

Kuma inda doka ta ce yaro ƙarami ya kwana tare da babba ko bayan ƙofar ratsawa, wannan dabara ba hanyar kauce mata ba ce. Idan wani abu ya faru, alhakin yana kan wanda ya sa hannu.

Mataki na shida: haɗa rajista da tsara kuɗi

Kowane ɗaki yana da lambar rajistarsa. Ka sa wakilin tafiye-tafiye ko kamfanin ya haɗa lambobin. Da haka ne za a san wane ne ya tsaya wa wa, a ba ku teburin cin abinci ɗaya a lokaci ɗaya, kuma idan an soke tafiya ko an sauya jirgi a ɗauke ku tare.

Ka lura da abin da zai faru idan babban da ya tsaya wa matasa ya fasa. Rajistarsu ta rataya ne a kan tasa. Idan kaka ce kaɗai ta haura 25 a tafiyar Carnival, sai rashin lafiya ta hana ta zuwa, jikokin ba za su hau ba. Gara a samu manya biyu da suka cika sharaɗi, a kuma sayi inshorar tafiya da ta haɗa da fasawa saboda rashin lafiyar abokin tafiya, da jinya a jirgi, da ɗauko marar lafiya daga teku. Asibitin jirgi ba kyauta ba ne. Sauya suna yana yiwuwa har zuwa wani wa'adi, amma akasari sai ɗaya daga cikin sunayen farko ya ci gaba da zama a ɗakin, in ba haka ba a ɗauke shi a matsayin soke rajista. Ranar kammala biya kuwa takan faɗo wata biyu da rabi zuwa huɗu kafin tafiya, kuma daga ita tarar fasawa ke fara hauhawa.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, komai a kan kati ake ɗorawa. Idan ka jingina katin matashi da katin bankinka, duk abin da ya saya kai za a cira. Ko ka nemi a sa masa iyaka, ko ya buɗe nasa asusun da kuɗin da aka ajiye masa, idan sun ƙare katin ya tsaya. Tukuicin ma'aikata ana ɗora shi kowace rana a kan kowane mutum, ba kowane ɗaki ba, har da mai kwana a gadon sama. Wayoyi kuma a kashe musu layin waje tun kafin a bar tasha, domin layin teku tsadarsa ta wuce misali. A yi amfani da manhajar jirgin wajen aika wa juna saƙo.

Dokokin shekaru bayan an shiga jirgi

'Yan 18 zuwa 20 suna cikin wani hali na tsaka mai wuya. Kulob ɗin samari yana tsayawa ne a 17, kuma ba a yi wa ɗan 18 alfarma ko da ƙaninsa na ciki. Wasu wuraren manya kuma ba su buɗe masa ba tukuna: wurin hutawa na Serenity a jiragen Carnival na 'yan 21 ne zuwa sama. Gidan caca yawanci daga 18 ne. Barasa daga 21 a jiragen da suka tashi daga Amurka, 18 a yawancin waɗanda suka tashi daga Turai. Norwegian tana barin ɗan 18 zuwa 20 ya sha giya marar ƙarfi a tsakiyar teku idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa na cikin jirgin kuma sun sa hannu a fom, ban da tafiye-tafiyen Alaska da Hawaii. Sayen barasa a miƙa wa wanda bai kai ba laifi ne da zai iya sa a sauke mai sayen da mai shan a tasha ta gaba, su nemi hanyar gida da kuɗinsu. Haka hawa kan shingen baranda ko tsallakawa zuwa ta maƙwabci.

Waɗanda ba su kai 18 ba suna da dokar hana yawon dare a jirage da dama, ƙarfe ɗaya na dare a Carnival da Royal Caribbean, sai in suna tare da babba. Ɗan 19 babu wannan a kansa, don haka idan iyali na da tasu ƙa'idar, a yi ta tun a gida: ba a shiga ɗakin baƙo, ba a kawo baƙo ɗaki, ba a faɗa wa kowa lambar ɗaki, kuma akwai lokaci ɗaya a rana da kowa zai hallara, abincin dare ya fi sauƙi.

Sauka a tashoshin hanya

Yaro ƙasa da 18 galibi ba a barinsa ya sauka sai da babba, na'urar bakin ƙofa ce ma ke tsayar da katinsa. Ɗan 18 zuwa sama yana fita abinsa, kuma da ya taka ƙasa dokar wannan ƙasa ce ke aiki a kansa, ba ta jirgi ba. A Meziko da Bahamas, misali, shekarun shan barasa 18 ne.

Abin da ya fi kama matasa shi ne lokaci. Ana rufe shiga jirgi kusan rabin awa kafin tashi, kuma agogon jirgi ba lallai ya yi daidai da na garin ba, alhali waya da kanta take komawa lokacin garin. A sa agogon hannu a kan lokacin jirgi. Jirgi yakan jira waɗanda suka fita yawon da kamfanin ya shirya idan sun makara, amma ba ya jiran wanda ya fita don kansa. Duk mai sauka ya ɗauki katinsa, da shaida mai hoto, da kwafin fasfonsa, da katin banki mai aiki, sannan ya ɗauki hoton takardar shirye-shiryen ranar, domin a jikinta ake buga suna da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha. Wanda jirgi ya bari, wannan wakilin zai fara nema, kuma sau da yawa a hannunsa ma'aikata ke barin fasfon da suka ɗauko daga akwatin ajiyar ɗakin, don haka a ajiye fasfo a cikin akwatin, ba a ƙasan jaka ba.